Yau na matsar da matakin ƙafar mashin ɗina gaba

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yanzu na shigo da mashin gida, hannuna ma bai daina warin giris ba. Bari in rubuta kafin barci ya ɗauke ni.

Wata takwas ke nan gwiwata ta hagu tana damuna. Mashin ɗin tsohon Yamaha Virago ne ɗan Kwatano, kujerarsa ƙasa-ƙasa, ni kuwa Allah Ya yi ni dogo. Duk ƙarshen mako nakan tashi daga Kaduna in je Zariya gaida Hajiya, tafiyar kusan kilomita 80, amma kafin in kai Jaji gwiwar ta fara zugi saboda a lanƙwashe take tun daga Kawo. Makon jiya sai da na zauna na yi sallah a gidanta. Ta dube ni ta ce, "Ko dai ka bar mashin ɗin nan?" Maganar ta tsaya min a rai. Barin sa ba zan iya ba, shi ya sa na yanke shawarar a matsar da matakin ƙafa gaba, in samu in miƙe ƙafa.

Ƙarfe tara na safe muna Tsohuwar Panteka ni da bakanikena. Hazon hunturu bai gama washewa ba, amma ƙarar guduma ta cika ko'ina. Kafin a taɓa komai sai ya sa na hau mashin ɗin, ya jera bulo biyu a gaba, ya ce, "Oga, ɗora ƙafa inda ranka yake so." Na miƙe ta har ƙarshe. Ya girgiza kai. "A'a, bar ɗan lanƙwasa a gwiwar. In ka miƙe sarai, da me za ka danna birki?" Muka tsaya a kan santimita 10, wato inci huɗu. Ya zana a kwali, muka kai wa mai yankan ƙarfe ya fitar da faranti biyu masu kaurin milimita 8, aka huda ramukan noti.

Ɗaura farantan bai ɗauki lokaci ba. Aikin yana wurin giya da birki, domin matakin ba shi kaɗai yake tafiya ba, dole su bi shi. Rodin giya, wato siririn ƙarfen da ke haɗa fedar giya da inji, ya yi gajere, sai an yi sabo. Yau na san cewa zaren bakinsa ɗaya hagu yake ɗaurewa, ɗayan kuma dama, ta yadda in ka murza rodin a tsakiya sai ya ƙara tsawo ko ya rage ba tare da an kwance komai ba. Yaron shagon ya yi ta kokawa da notin hagun yana ƙara tamke shi, har maigidansa ya karɓi sufanar ya nuna masa a hankali, bai ko ɗaga murya ba. Hakan ya burge ni.

A kan birki ne muka ja da mai walda. Shi so yake ya yanke tsohon rodin ya yi masa ƙari a tsakiya, ya ce minti goma ya gama kuma kuɗin bai kai rabi ba. Na ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, wannan rodin shi ne tsakanina da bayan tirela." Waldar da aka yi wa siririn ƙarfe, ana taka shi ana saki sau ɗari a rana ga jijjigar inji, wata rana a nan zai karye, kuma ba zai yi sallama ba. Na biya aka yi sabo dungurungum. Mun ƙara awa biyu a kan haka, ban ji ciwon su ba.

Bayan azahar muka ci shinkafa da wake a bakin shago, aka koma saiti. Bakaniken ya bar wa fedar birki wasan kamar santimita 2 zuwa 3 kafin ta kama, don kada birkin ya riƙa gogar taya ya yi zafi. Sai ga fitilar birki ta ƙi kawowa, ashe sifirin ɗin da ke jan makunninta ya saki tunda fedar ta yi nisa. Da ban tsaya a baya ina kallo ba, da haka zan fita titi. Aka gyara, aka ɗiga wa kowane noti maganin da ke hana shi kwancewa, muka juya kan mashin hagu da dama har ƙarshe don a tabbatar tayar gaba ba ta taɓa komai.

Da la'asar na fita gwaji, na haye gadar Kawo na nufi Rigachikun. Gwiwar nan shiru, wallahi har na ji ƙwalla ta taru min. Sai dai sau biyu ƙafar dama ta sauka a tsohon wurin tana laluben birki, ta tarar da iska. Na biyun a bayan wata Keke Napep ne da ta tsaya babu sigina, birkin hannu ne ya cece ni. Gabana ya faɗi sosai. Sannan da na faɗa wani rami wajen dawowa, dukan ya zo min kai tsaye a ƙugu, domin da can nakan ɗan ɗaga jiki a kan ƙafafuna, yanzu kuwa suna gaba, babu abin dogarawa.

Don haka gobe ba zan je Zariya ba. Na kira Hajiya na gaya mata, ta ce gara haka. Da sassafe zan tafi filin makarantar unguwarmu in yi ta tashi ina tsayawa har ƙafar ta haddace sabon wurin, ranar Laraba kuma in koma a sake bin notocin da sufana.