Sakan ɗaya bai cika ba amma ya ci min kwana biyu

Wallahi har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Gajeren fim ne na minti 12, darakta ya turo min kwafi ya ce in ɗora masa kiɗa, na zauna a situdiyo na yi abina a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, kalangu da sarewa kuma na kira masu yi muka ɗauka kai tsaye. A wajena komai ya zauna daram.

Da na kai wa edita ya ɗora a Premiere, manhajar da yake tace fim da ita, sai ya kira ni ya ce malam zo ka gani. Farkon fim lafiya lau. Wajen minti shida an fara jin wani abu-abu, amma can ƙarshe inda matar take bugo ƙofa, inda na sa kalangu ya faɗi tare da ƙofar, sai ka ji kalangun ya riga ya buga hannunta ma bai kai ƙofar ba. Duk tsoron da na gina a wurin ya zube.

Kuskuren da na yi shi ne ban tsaya na yi tunani ba, na koma na dinga jan kiɗan da hannu guntu-guntu, in gyara ƙarshe tsakiya ta goce, in gyara tsakiya farko ya lalace, ga kuɗin man janareta yana ta tafiya. Kwana biyu cur. Alhali abin yana gabana: da a ce tazarar iri ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe ai ja ɗaya ya isa, amma wannan ƙaruwa take yi a hankali, ma'ana gudun fim ɗin da na kiɗan ne ba ɗaya ba.

Sai a dare na biyu na buɗe fayilolin a MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil, kyauta ce ma. Na edita firem 23.976 ne a sakan ɗaya, wato adadin hotunan da ke wucewa a kowane sakan, kwafin da aka ba ni kuma 24. Wajen rage nauyin fayil ɗin aka mayar da shi 24, firem ɗin duk suna nan amma yana ɗan sauri. Bambancin ɗaya cikin dubu ne, a minti 12 ya zama sakan 0.72, kusan firem 17. Na lissafa ya yi daidai da abin da kunnena ke ji, sai da na miƙe tsaye.

Gyaran ko rabin awa bai kai ba. Na buɗe ajiyar da na yi kafin in fara jaye-jayen nan, Allah ya taimake ni ban goge ta ba, tempo, wato gudun kiɗan, daga 100 na mayar 99.9, sarewa da kalangu na ja tsawonsu zuwa kashi 100.1, kunne ba ya jin canjin. Na fitar da sautin a fayil ɗin WAV, a ma'aunin sauti na 48kHz, tunda shi aikin fim yake so ba 44.1 ɗin da muka saba a waƙa ba.

Yanzu ba na taɓa aikin kowa sai edita da kansa ya fitar min daga inda yake aiki, da lokaci a rubuce jikin hoton, ya sa ɗan ƙara "tit" na firem ɗaya a farko da wani a ƙarshe. In biyun suka hau daidai sai in fara. Wani darakta ya ce ina da tsirfa, na ce yallaɓai kwana biyu na yi ban runtsa ba a kan ƙofa ɗaya, a turo min daga wajen edita ko a kai wa wani.