Wayar hannun garmahon Kawu

Asabar. Tun hantsi Auta ya kawo garmahon Kawu a bayan babur, an naɗe shi da bargo. Technics SL-1200 MK2 ne, samfurin da ya fara fitowa a 1979, kuma injinsa lafiya lau yake juyawa. Ƙorafin dai sifikar hagu tana ɗaukewa da zarar allura ta doshi tsakiyar faifai, ga wani gurnani da ba ya yankewa. Idan sauti yana ɗaukewa a wuri guda kullum, to a duba gindin hannu, inda waya take lanƙwasawa duk sanda hannun ya motsa.

Na kwance kan allura na ajiye gefe kafin in sa mita. Fil huɗu ne a bakin hannun: fari na hagu, shuɗi abokin tafiyarsa, ja na dama, kore nasa abokin. Daga kowane fil zuwa filogin RCA, wanda ake soka wa amfilifaya, bai kamata mita ta wuce om (ma'aunin turjiyar waya) ɗaya ko biyu ba. Farin ya nuna daidai, ina tura hannun ciki sai ya ɓace. Na cire farantin da ma'aunin bayan hannu, na kulle hannun, na kifa garmahon a kan filo, na kwance ƙafafu da robar ƙasa.

Abin da na tarar shi ya tsaya mini a rai yini guda. Wani ya taɓa shiga wurin. Ya yanko waya daga igiyar caja, mai kauri da taurin roba, ya jona ta da siraran wayoyin asali daidai gindin hannu, ya naɗe da salatif. Baƙar wayar ƙasa (earth) kuwa ya bar ta tana lilo, ita ce tushen gurnanin.

Bayan azahar Kawu ya zo da kansa, ya ja kujera ya zauna. Na nuna masa, ya leƙa ya ce, "To ni ban ga laifin mutumin nan ba. Waya ai waya ce, ba wuta take kaiwa ba?"

Na ce, "Kawu, a ko'ina waya ce, ban da nan. Allurar nan nauyin giram biyu kacal take sauka da shi, kuma layin faifan ne yake jan hannun baki ɗaya zuwa ciki. In waya mai tauri ta toge a gindi, sai ta riƙa tura hannun gefe guda, allura ta yi ta cin bango ɗaya na layin."

Ya yi shiru, ya ce, "Kana nufin fayafayaina take ci?"

Na ce eh. Na ƙara masa da cewa wutar da kan allura yake fitarwa ba ta wuce milibolt biyar, amfilifaya ce take ninka ta kusan sau ɗari. Duk wani gurnanin lantarki na 50 Hz da waya ta kwaso a hanya, tare za a ninka su. Shi ya sa baƙar wayar nan ba ado ba ce.

"To yi mini yau, ɗana, gobe ina da baƙi."

Na ce sai dai ya yi haƙuri, gaggawa ce ta kai mu inda muke. Ya tashi bai ji daɗi ba, amma na ga maganar fayafayan ta fi damunsa. Ni ma ita ta dame ni. Waya ana sayenta, faifan da aka buga tun ana yara in ya cinye ya tafi ke nan, kuma wanda ya yi jonin nan an biya shi kuɗi, an yi masa godiya.

An ɗauke wuta har la'asar. Ummi ta aiko da dambu.

Da aka kawo wuta na zauna. Wayar Litz na sa, wadda ake tufkawa da siraran zaruruwa masu fenti, mai lambar kauri 33 AWG, sili huɗu, kowanne santimita 45 don a sami rara. Fentin da ke jikin irin wannan waya ba a kankare shi da reza, sai a tsoma bakin a ɗigon dalma mai zafi har ya ƙone ya kama. Akwai ƙananan sukurori a ƙarƙashin bakin hannu da suke riƙe da mazaunin fil ɗin, su ake kwancewa a zaro shi. Tsohuwar waya ba a fizge ta a yar, ita ce jagora: a liƙa bakin sababbin a jikinta, a ja a hankali ta gindi har su ratsa bututun. Ƙarfen liƙi a digiri 320, baki siriri, daƙiƙa biyu a kowane fil, domin a cikin roba suke zaune kuma da sifirin a bayansu. Zafi ya yi yawa, fil ya nutse, ba zai ƙara taɓa kan allura ba. Shi kansa kan allurar ba a kai masa dalma ko kusa, zaren da ke cikinsa ya fi gashi siranta. Ƙananan maƙalai ake turawa da hantsaki, in sun yi sako-sako a zura tsinken sakace a matse su a kai.

A gindi na bar wayoyin da ɗan lanƙwasa, ba a ɗame ba, sannan na liƙa su a ƙaramin allon da igiyar RCA take tashi. Sukurorin da hannun yake juyawa a kansu ban taɓa ba, saitin masana'anta ne, wanda ya murɗa su da wuya ya mayar.

Gwaji: na daidaita hannun har ya tsaya a iska, na mayar da anti-skate, saitin da ke ɗan tura hannu waje, sifili, na hura masa iska kaɗan. Ya tafi sumul daga baki zuwa tsakiya bai toge ba. Mita ta nuna layuka huɗun daidai a ko'ina, babu wanda ya taɓa wani.

Saura igiyar RCA, ta bushe ta tsattsage. Wadda zan sa ba za ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, don doguwa tana sauya sautin sama. Allurar ma na duba ta da gilashi, gefe ɗaya ya cinye, ba zan bari ta hau faifan Kawu ba. Litinin sai Sabon Gari.