Tarihin Rayuwata, Kashi Na 11: Shekarar Da Muka Koma Wasa Zarto Da Hannu

Assalamu alaikum masu bin wannan labari. A makon jiya mun tsaya inda Kawu ya ɗauke ni daga shara da dakon katako, ya tsayar da ni a bayan inji ina tarbar abin da ya turo. Yau za mu shiga 1994.

Ranar 12 ga Janairu aka wayi gari da labarin an karya darajar sefa. An zauna a Dakar, aka ce faran ɗin Faransa guda da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Mahamane Ousmane bai ma cika shekara kan mulkin Nijar ba. Duk abin da ke zuwa daga Turai ya tashi, ga azumi saura wata guda. Mutanen gari na kukan sukari da madara, mu kuma a shagonmu na Sabon Gari kukanmu faifan zarto ne.

Injinmu na tsaga katako tebur ne na ƙarfe da bel, faifansa milimita 400, ramin tsakiyarsa milimita 30, haƙora 36. Ƙarfe ne zalla tun daga tsakiya har bakin haƙori. Kafin wannan shekara, in faifai ya dakushe Kawu kan naɗe shi cikin kwali ya ba wani direba mai bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya, a kai shi Kano a wasa da inji. Wani lokaci ya dawo lafiya, wani lokaci ya dawo bakin haƙoran sun yi shuɗi, alamar dutse ya ƙona su, ba za su riƙe kaifi ba. To yanzu ita ma naira ta yi mana tsada, sabon faifai kuwa ko tambayar kuɗinsa Kawu bai ƙara yi ba.

Ni da ke bayan inji ni na fi kowa sanin faifai ya mutu, domin a fuskata abin ke ƙarewa. Mai kaifi yana zubar da dusa mai ɗan gwaɓi wadda za ka iya damƙa a hannu. Dakusasshe gari yake tasowa da shi, ya shiga hanci da ido, sai warin ƙuna, sai baƙin tabo a gefen katako. Kukan inji ya yi ƙasa, mai turawa ya fara sa ƙarfi, kuma a nan haɗarin yake, domin katako na iya tasowa ya dawo ma mai shi a ƙirji.

Wata safiya cikin sanyin hunturu Kawu ya ce kada a tada inji. Ya tono guntayen maɗaci daga ƙarƙashin benci, ya yanko faya-fayai biyu masu kauri, ya sa faɗinsu ya gaza na zarton da kamar yatsa biyu ta kowane gefe. Ya aike ni wajen wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe da wani tsohon sandan ƙarfe na mota, ya ce a fere shi ya shiga ramin faifan cif, kada ya yi wasa ko kaɗan. Wannan sandan ya kafa a jikin wani gungume da ya ɗaure tsaye a bakin benci. Faifan katako ɗaya a baya, zarto a tsakiya, ɗayan a gaba, sai noti ya matse su. Haƙora kaɗai ke leƙowa. Daga gefe ya kafa guntun tsohon zarton yanka ƙarfe, ya lanƙwasa shi yadda duk juyin da ka yi zai faɗa cikin kwarmin da ke tsakanin haƙora biyu ya riƙe faifan a wuri guda. Mariƙin ke nan gaba ɗaya. Abin da aka kashe wa kuɗi a cikinsa bai wuce ladan dattijon nan ba, sai magagari uku: mai faɗi, mulmulalle, da mai kusurwa uku.

Faya-fayan katakon nan kada wani ya raina su. In ka ɗaure zarto haka nan tsirara ka sa masa magagari, rawa zai yi ta yi, ya yi wata ƙara mai tsinka haƙori, magagarin kuma ya riƙa tsalle maimakon ci. Da an matse shi har kusa da gindin haƙora sai ƙarar ta koma ƙasa, hannu ya ji ƙarfe na ciwuwa.

Na ɗauka daga nan sai wasawa. Kawu ya ce a'a. Muka jiƙa faifan da kananzir muka kankare ƙaron da ya daskare a gefensa. Ya rataye shi a yatsa ya ƙwanƙwasa da ƙotar guduma, ya kasa kunne. Lafiyayye yana yin amo mai tsawo, mai tsaga kuwa amonsa a take yake mutuwa. Sannan ya ɗaura shi kan mariƙi, ya saki notin kaɗan, ya kafa magagari mai faɗi a kwance a sama da ɗan katako yadda zai shafi tsinin haƙori kawai. Ya ce in juya faifan baya-baya, a hankali.

Na yi zagaye ɗaya, ya tsayar da ni.

"Zo nan, ɗan nan. Ƙirga mini waɗanda suka yi haske."

Na bi su da yatsa. "Shida, Kawu."

"Sauran fa?"

"Ba su taɓa ba."

"To haka ba sa taɓa katako. Gandu ne, mutum shida na noma, talatin na zaune a inuwa suna jiran tuwo. Ka wasa su har su aske gemu, in ba ka daidaita tsayinsu ba shidan nan ne za su yi ta aiki, kafin azahar sun mutu."

Muka yi ta sauko da magagarin kaɗan-kaɗan ina juyawa, har sai da kowane haƙori ya sami ɗan fili mai ƙyalli a tsininsa, wani babba wani kamar ƙwayar gero. Har gobe in na ga mai wasa zarto ya tsallake wannan mataki ya faɗa wa haƙora da magagari, na san kuɗin mutane kawai zai ci.

Sai kwarmi. Da mulmulallen magagari ake bi ana zurfafa shi, domin nan dusa ke taruwa kafin haƙori ya fito da ita, kuma dole gindinsa ya zama a zagaye. Kusurwa mai tsini a gindin kwarmi nan tsaga ke farawa. Ta fannin karkatar fuskar haƙori kuwa Kawu ba shi da wani ma'auni na kanti. Zare ya ɗaura wa alli, ya zana da'ira a jikin faifan, kashi ɗaya cikin uku na nisan da ke tsakanin tsakiya da baki. Ya ɗora rula daga tsinin haƙori ta shafi gefen da'irar, ya ce layin da fuska za ta bi ke nan. Sai da na girma na yi hulɗa da masu takarda na ji cewa wannan ya kama kusan digiri 20, daidai da abin da ake so ga zarton da ke tsaga katako ta tsawonsa. A kan wannan layi ya yanka ɗan katakon da magagari ke jingina da shi, don hannu ko ya gaji kada ya kauce.

Buɗe haƙora shi ne aikin da Kawu ya hana ni taɓawa a wancan watan. Wani maƙeri ya yi masa ɗan ƙarfe mai tsaga a baki. Da shi yake kama saman haƙori, kashi ɗaya cikin uku na tsayinsa, ya karkata wannan dama, na gaba hagu, kamar rabin milimita. In ka kama daga gindi haƙorin karyewa zai yi. Yana da wani ɗan katako mai ƙusa huɗu, uku tsayinsu ɗaya, ta huɗun ta gaza kaɗan. Ya kwantar da ukun a jikin faifai, ta huɗun ta sauka kan tsinin haƙori, in abin bai yi gilo ba to buɗin ya yi daidai. Buɗi in ya yi kaɗan katako ya matse faifai, ya yi zafi, ya fara layi. In ya yi yawa kuma hanyar yanka ta yi faɗi, katakon da aka sayo da tsada ya tafi a dusa. Farin katako mai danshi ya fi son buɗi, busasshen ja kaɗan ya ishe shi.

Wasawar ita aka bar mini. A sa alli a haƙorin farko. Magagari gaba kawai yake ci, in za ka dawo da shi ka ɗaga. Za ka ji masu cewa a ƙirga, kowane haƙori uku-uku ko huɗu-huɗu. Kawu bai yarda da wannan ba, ni ma ban yarda ba. Ƙyallin nan da daidaitawa ta bari shi ne ma'auni: ka shafi fuska kaɗan, ka koma bayan haƙori, ka yi ta ci har ƙyallin ya ɓace, kana ganin ya ɓace ka tsaya. Mai babban fili zai ci da yawa, mai ƙarami shafa ɗaya ta ishe shi. Waɗanda suka karkata nesa da kai su za ka fara bi, ɗaya bayan ɗaya kana tsallake na tsakani, sannan ka juya faifan ka bi sauran.

Da muka mayar da shi kan inji Kawu ya turo falankin jan katako da hannu ɗaya. Dusa ta zubo mini a ƙafa, ba hayaƙi. Bai ce komai ba, ya dai miƙo na biyu.

Kafin tsakiyar azumi labari ya zaga kafintocin unguwa. In aka ɗauke wuta shaguna su yi tsit, mu kuwa lokacin aikinmu ya kama. Telan da ke maƙwabtaka da mu kan leƙo ya ce, "Alhaji, don Allah a tausaya wa mai azumi, ƙarar nan har cikin kai." Kawu ya ce masa ya toshe kunne da ƙyallayensa. Faifai ɗaya dala ɗari muke karɓa, wato sefa 500, kuma cikin kowane uku Kawu ya bar mini kuɗin ɗaya. Da su na ɗinka kayan sallar wannan shekara, wajen telan nan dai.

Ba kowane faifai muke karɓa ba. Wani mutum ya taso tun daga Tibiri da nasa a bayan keke. Kawu ya ƙwanƙwasa, ya sake ƙwanƙwasawa, ya goge gindin wani kwarmi da babban yatsa, sai ga tsaga siririya ta nufi tsakiya. Mutumin ya ce a wasa masa haka nan, in ya so ya kai a yi masa walda.

"Malam, ka yi haƙuri, ba da hannuna ba. Abin nan in ya fashe yana gudu, ba ya tambayar wa ke tsaye."

Mutumin ya tafi yana faɗa, har da cewa mun ƙoshi ne.

Masu tambayata ko wannan dabara za ta yi a faya-fayan yanzu masu ɗan guntun kabaid, wani abu mai tsananin tauri, liƙe a bakin haƙori: magagarin ƙarfe zamewa kawai zai yi a kansu, sai mai garin daimon. Su kuma ba a buɗe musu haƙora, bakin ya riga ya fi jikin faifan faɗi. Amma mariƙin bai canza ba.

Bayan sallah ne wani ɗan kwangila ya shigo shagonmu da aikin tebura da bencina na lakwal, wato makarantar boko, aikin da ya kusa raba Kawu da babban yaronsa. Nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.