Lahadi 21 ga Satumba 2025, ranar da Baba ya buɗe akwatin ƙarfe

Wallahi ban yi niyyar rubuta komai yau ba, kaina ke sarawa tun la'asar, amma na kwanta barci ya ƙi zuwa ga shi an kawo wuta, to bari dai na zazzage abin da ke cikina ko na ji sanyi.

Rediyon Baba ce ta tashe ni kamar kullum, mutumin nan yana dawowa daga masallaci kafin ya cire takalmi hannunsa na kan rediyo. Ina hura gawayi na ji ana cewa wai yau ce ranar zaman lafiya ta duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ƙirƙiro ta tun 1981, daga baya a 2001 suka tsayar da ita kan 21 ga Satumba, wai ranar kowa ya ajiye bindiga ko da na yini ɗaya ne. Baba ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci ya ce "Uwata, an kai ma mutanen daji sanarwag ga kuwa?" Uwata yake ce min don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na ce Baba ƙila babu netwok a can. Muka yi dariya, ashe dariyar kenan ta yau.

Da hantsi sai ga sallamar Baffa. Ƙanen Baba ne, shi ya rage a ƙauyenmu can yankin Ɗansadau yana riƙe da gonakin gado. Ashe tun shekaranjiya ya shigo Gusau da rakiyar sojoji, ya kwana biyu wurin surukansa a Tudun Wada yana juya yadda zai fara maganar. Hanyar da a da ake zuwa a dawo a yini ɗaya yanzu sai an jira ranar da aka samu rakiya, motoci su jeru kamar masu kai amarya kowa na salati. Ya rame sosai, wuyansa duk jijiya. Na kawo masa kunu da ƙosai ya sha kunun ya ture ƙosan, daga nan na san ba lafiya ba.

Gero ya nuna, in ji shi, damina ta yi kyau bana har zangarniya na sunkuyawa, amma mutanen daji sun aiko ba mai sa lauje a gona sai an biya. Kuma fa an biya na shuka tun farkon damina. Yanzu na girbi ne, an raba wa kowane gida nasa kason, sannan samarin gari za su fara zuwa su yanke na gonar ogan tukuna kyauta kafin kowa ya taɓa nasa. Yana faɗa yana kallon tabarma kamar shi ya yi laifin. "Yaya, in ba a kai ba nan da Juma'a, to sai dai tsuntsaye su ci, ko su sa mai wuta."

Baba bai ce uffan ba, ya tashi ya shiga ɗaki ya jawo akwatin ƙarfen nan kore da ke ƙarƙashin gado wanda tun muna yara ko taɓa shi muka yi sai mun sha bulala. Ya buɗe a gabanmu. Warin kafur ya bugo ni. A sama akwai hularsa shuɗiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya wadda ya sa a Darfur, ta koɗe ta gefe inda zufa ta ci, ƙarƙashinta lambobin yabo a cikin tsohon gwangwanin madara, sai hoto guda da ya fara cin ruwa, shi da abokansa a Laberiya da fararen hulunan kwano na ECOMOG, rundunar kwantar da tarzoma ta Afirka ta Yamma, Baba siriri kamar a hure shi ya faɗi. A can ƙasa cikin ledar burodi ya ɗauko abin da yake tarawa daga fansho. Ya lashi yatsa ya ƙirga sau biyu, bai kai ba.

Ni a nan ne abin ya tsaya min a wuya. Mutumin da ya bar Mama da cikin yayana ya tafi Monrobiya raba faɗan mutanen da ko yarensu ba ya ji, ya je Saliyo, ya je Darfur ya sha rairayi, yau shi ke ƙirga kuɗin fanshonsa zai aika wa yaron da bai kai ɗansa na uku ba don a bar shi ya yanke geron gonar ubansa. Kuma ba Baba kaɗai ba, ƙasar ce haka, inuwar giginya na nesa ka sha. A Abuja aka sa hannu kan yarjejeniyar Darfur a 2006. Janar Abdulsalami ne ya shiga tsakani a Akara 2003 har yaƙin Laberiya ya ƙare. Obasanjo ya zaunar da gwamnatin Habasha da 'yan Tigray a Afirka ta Kudu 2022 suka sa hannu. Da sojoji suka kifar da Bazoum a 2023 har Mai Alfarma Sarkin Musulmi aka tura Yamai. Duk mun iya wannan, amma daga Gusau zuwa Ɗansadau ya gagara.

Da azahar gardama ta kaure tsakaninsu kan sulhu. Baffa ya ce shi dai a yi, ai ga ƙananan hukumomin Katsina irin su Jibiya da Batsari sun zauna da su mutane na zuwa gona. Baba ya ce ai mun gani a nan, Matawalle ya yi sulhu 2019 aka ɗan huta, sannan me ya biyo baya, ba a Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan matan Jangebe ba, su 279, har a Satumbar shekarar aka kashe mana netwok aka rufe kasuwannin ƙauye muna hawa mota zuwa Funtuwa don kawai mu buga waya. Ya ce shi ba ya ƙin sulhu, ya ga inda sulhu ya yi aiki da idonsa, amma a Laberiya sai da aka sa hannu kan takardu fiye da goma ana warwarewa, wadda ta ɗan riƙe ita ce da aka kafa sansani yara suka riƙa zuwa layi suna miƙa bindiga ana rubuta lambarta ana jefawa cikin kwantena, ƙarshen 1996 zuwa farkon 1997, kuma duk da haka yaƙin ya sake dawowa. "To kai mutum ya zo wurin sulhu da bindiga rataye, ya ci shinkafa, a ɗauki hoto, ya koma da abarsa. Wanga sulhu ne ko hutun rabin lokaci?"

Baffa ya daɗe bai tanka ba sannan ya ce a hankali, "Yaya, kai Gusau kake kwana."

Shiru. Ko cokali ba ka ji. Ni kaina ban san bayan wa zan bi ba, don gaskiyar Baba daban ta Baffa daban, kuma Baffa ne zai koma can ya kwana da kunne ɗaya a buɗe. Gwamna Dauda ya ce shi ba sulhu, ya kafa Askarawa farkon 2024, kwanan baya ma ya fito yana cewa ya san inda manyansu suke amma ba shi ke ba jami'an tsaro umarni ba, Abuja ce. 'Yan wancan ɓangaren su ce gazawarsa ce, 'yan wannan su ce ai waɗancan ne suka shayar da macijin. Ƙanena yana can Facebook tun safe yana zagin mutane saboda jam'iyya, an ma fara rigimar 2027, na ce masa da datar da kake ƙonawa ka kawo a cika wa Baffa, ya fita yana gunaguni.

Wajen la'asar Maman Rifkatu maƙwabciyarmu ta leƙo, ta dawo daga coci ko ɗankwalin ba ta sauya ba, ta ce yau an yi musu wa'azin zaman lafiya har an yi wa Zamfara addu'a ta musamman. 'Yar Zuru ce, shekararta ashirin da wani abu a unguwar nan, ita ta yi wa Mama zaman asibiti lokacin haihuwar autanmu. Da ta ji abin da ya kawo Baffa ta zauna bakin rijiya ta ce su ma danginta na Danko-Wasagu rabi sun watse. Har yau in aka yi wata hayaniya a gari ita ce ta farko da ke rufe shago, tun abin da ya faru a Talata Mafara 2016 da aka ce wani ɗalibi ya yi ɓatanci aka ƙone gida da mutum takwas a ciki, ranar a ɗakin Mama suka kwana ita da yaranta ko fitila ba a kunna ba. Ta ce 'yan uwanta na kudu kullum waya, ki dawo za su kashe ku, ita kuma ta rasa yadda za ta fahimtar da su cewa a watan jiya masu sallar asuba aka buɗe wa wuta a masallacin Unguwar Mantau can Malumfashi. Masu harbin in ka tambaye su su ma za su ce maka musulmi ne. Ga Lakurawa can ta Kebbi da Sakkwato su kuma da wa'azi suke zuwa, su kora shanun mutum su ce zakka ce. Kafin ta tafi ta kwance bakin zaninta ta ajiye wa Baffa dubu biyar a gefen tabarma, ya ce a'a a'a, ta ce "Baban yara ka bari, in geron ya zo a auna min tiya biyu."

Da daddare labarai suka ce Ingila da Kanada da Ostareliya sun amince da ƙasar Falasɗinu yau. Baba ya ce Alhamdulillahi har sau uku, ni ma na ji daɗi har raina, mutanen nan sun sha wuya, kwana goma sha biyu da suka wuce ma Isra'ila ta kai hari Doha inda ake zaman shiga tsakanin. Sai dai ina kwance ina duba waya na lura na san Rafah na san Khan Yunis, na san wa ya je Alƙahira wa ya je Ƙatar, amma mutanen Banga ta Ƙaura Namoda da aka karɓi kuɗin fansarsu kuma aka kashe sama da talatin a watan Yuli, kwana biyu aka yi ana maganarsu, ni kaina sai da Baffa ya ambace su yau na tuna. Kunya ta kama ni.

Mama ta ɗinke kuɗin cikin ƙugun wandon Baffa da zare baƙi, ta bi ta sake bi. Da na Baba da na Maman Rifkatu da abin da ya rage min na albashi, saura dubu goma sha ɗaya. Baba ya mayar da akwatin amma ya manta hular a kan taga, ban dai ce masa komai ba. Gobe kafin na wuce makaranta zan biya wurin uwar adashinmu na roƙe ta ta ba ni kwasar wannan watan, an ce ƙila Talata a samu rakiya.