Kada ka shimfiɗa tayil a kan daɓen da ba ka gwada ba

Ƙannena masu koyon aikin tayil, akwai abin da ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini ina yaron aiki, sai da na ɓata falon mutane kafin na gane shi. Daɓen siminti yakan bushe ta sama alhali cikinsa na nan jiƙe. Ido ba zai gaya maka ba, tafin hannu ma haka.

Hunturu ne ya fi yaudarata. Iska ta kaɗa 'yan kwanaki, daɓe ya yi fari fat, ga mai gida tsaye a kaina yana cewa biki ya matso, amarya za ta tare. Na ji nauyin ce masa a jira, na kama aiki. Da damina ta sauka aka kira ni. Wani farin gari kamar kanwa yana fitowa ta layin da ke tsakanin tayil, a goge yau gobe ya dawo. Na bi ina ƙwanƙwasawa da makulli, wurare da dama suna amsawa fanko. A tsakiyar falo kuwa tayil biyu sun ɗago sun haɗa kai, matar gidan ta ce da dare suka ji ƙarar har yara suka farka. A ranar, siminti na ɗora wa laifi. Daga baya na gane gaggawata ce, kuma kuɗin bawan Allah ne suka tafi.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashi. Ruwan da aka kwaɓa daɓe da shi, wani kaso kawai siminti ke ci, sauran dole ya fita ta sama, kuma yana fita daɓen yana tsukewa. Shi tayil ba ya tsukewa. Idan ka manna shi tun daɓen bai gama motsi ba, ƙasa za ta ja shi har ya saki ko ya tsage. Tayil ɗin foselin da ake yayi yanzu ruwan da yake sha bai kai kashi 0.5 cikin ɗari ba, don haka laimar da ka rufe ba ta da mafita sai ta layi, ta kwaso gishirin siminti ta ajiye a sama. Manyan tayil masu santimita 60 da 60 da muke matsewa ba tazara sun fi ƙara wa abin muni.

Na daɗe ina jin birkiloli na cewa siminti kwana 28 yake buƙata, na ɗauka bushewa ake nufi. Wannan lissafin ƙarfi ne. Ƙa'idar Ingila ta aikin tayil, BS 5385, ta ce a bar kankare aƙalla sati 6, daɓen yashi da siminti kuma sati 3, kafin a hau shi da tayil. Akwai kuma lissafin kauri da masu gini ke yi: kwana ɗaya ga kowace milimita har zuwa 40, abin da ya haura kuma kwana biyu-biyu. Kenan daɓe mai kaurin milimita 50 zai iya cin wata biyu kafin ya bushe sosai. A yanayinsu na sanyi aka auna wannan. Zafin bazara a Kano ko Maraɗi zai rage kwanakin, ɗakin da aka kulle a watan Agusta kuma zai ƙara su. Kada ka manta, satin farko na ban ruwa ne, ƙidayar bushewa bayansa take farawa. Ko da kana aikin ta tsohuwar hanya, wato ɗora tayil a kan ɗanyen kwaɓi, kankaren da ke ƙasa yana bukatar lokacinsa.

Gwajin da kowa zai iya shi ne na leda, kuma a Amurka har lamba yake da ita, ASTM D4263. Ka yanko leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta, santimita 45 kowane gefe, ka share wurin, ka liƙe gefe huɗu da salatif mai ƙarfi yadda iska ba za ta shiga ba. Bar ta aƙalla awa 16. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta, ko wurin ya yi duhu fiye da kewayensa, tattara kayanka, daɓen bai shirya ba.

A nan ma na yi kuskure. Guda ɗaya nake sawa, kuma kusa da ƙofa inda iska ke wucewa, saboda nan ne ya fi sauƙin dubawa. Nan ne kuma yake fara bushewa. Ka sa da yawa: a lungu, a gefen bangon banɗaki, a inda birkila ya ƙara kauri don ya daidaita gangare. Ka guji inda rana ke dukan ledar kai tsaye. Sannan ka riƙe wannan da kyau: idan leda ta nuna laima, gaskiya ta faɗa, amma bushewarta ba shaida ce cewa can ƙasa ya bushe ba.

Ƙaramar na'urar auna laima da ake dafawa a kan daɓe tana da amfani wajen gano inda ya fi jiƙa, sai dai ƙarfe da gishiri suna ruɗa ta. A babban aiki ka nemi injiniya ya kawo gwaji na sosai. A Jamus da kabayid suke yi, irin wanda masu walda ke amfani da shi. Ana fasa daɓen a ɗebo daga cikinsa, a niƙa, a auna, a zuba a kwalbar ƙarfe tare da kabayid a girgiza. Ruwan da ke ciki zai tayar da gas, allura ta nuna. Don tayil, daɓen siminti kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. A Ingila akwati suke kifawa a liƙe a kan daɓe su auna laimar iskar da ta taru a ciki, iyakarsu kashi 75.

In an yi makonni tagogi a buɗe amma leda tana ta raɓa, to ba ruwan kwaɓi ba ne. Ko dai ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashin Jaman fulo ba, wato kankaren da ake fara zubawa a kan ƙasa, shi ya sa ƙasa na turo laima, ko fayif na yoyo. Gidajen da aka gina a fadama sun fi fama da wannan, kuma jira ba ya maganinsa. Sai an toshe yoyon, ko a shafa maganin hana laima kafin tayil. Tun ranar farko ka tambayi birkila ko ya sa leda, ka tambaye shi ranar da aka zuba daɓen.

Abin da ya fi wuya shi ne tsayawa gaban mai gida. Kada ka yi musu da shi. Kira shi ya ɗaga ledar da hannunsa, ka ɗauki hoto a waya, ka ce: "Alhaji, in na sa yau zan karɓi kuɗina, amma da damina kai za ka sake sayen tayil." Yawancinsu sukan haƙura in sun ga raɓar da idonsu. Wanda ya dage, ka bar masa aikin. Ranar da daɓen ya ci gwaji kuma, ka bar tazarar kamar milimita 6 tsakanin tayil da bango duk kewayen ɗakin, kada ka cika ta da siminti, siket, wato tayil ɗin gindin bango, zai rufe ta.