Yadda na ɗaukaka ƙara kan ranar fara biyan kuɗin nakasa

Na yi aikin soja a Amurka, na fito da ciwon baya da na gwiwa, har suka raba ni da tuƙin tirela. Ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA, tana da tsarin da ake kira TDIU: idan ciwon da ka samo a bakin aiki ya hana ka riƙe sana'ar da za ta ci da kai, sai a biya ka kamar mai nakasa kashi 100. Ƙa'idar ita ce ciwo ɗaya ya kai kashi 60, ko jimilla ta kai 70 da ɗaya mai 40 a ciki. Ba a duba yawan shekarunka.

An amince mini, amma biyan ya fara daga ranar da na miƙa fom 21-8940, wato fom ɗin neman TDIU. Ni kuwa tun kafin nan na nemi ƙarin kashin nakasa, likita ma ya riga ya rubuta cewa ba na iya daɗewa a zaune. Duk watan da aka ja ranar baya, ariyas ne, ba kuɗi kaɗan ba.

Wakiliyar wata ƙungiyar tsofaffin sojoji ce ta riƙe fayil ɗina, ko sisi ba ta karɓa ba. Ita ta nuna mini shari'ar Rice da Shinseki ta 2009, inda kotu ta ce batun rashin iya aiki yana cikin neman ƙarin kashi muddin takardu sun nuna shi. Doka ma ta yarda a koma baya har shekara ɗaya kafin ranar nema, idan a cikin shekarar ciwon ya tsananta.

Tun Fabrairun 2019 hanyoyin ƙalubalantar hukuncin VA uku ne: babban jami'i ya sake duba fayil yadda yake, ko ka kawo sabuwar shaida, ko ka tafi hukumar ɗaukaka ƙara gaban alƙali. Na ɗauki ta farko, tunda hujjata tana ciki, na kuma nemi a kira ni a waya na faɗi shafin da rahoton likitan yake. A ganina, ɗokin zuwa gaban alƙali da irin wannan magana jira kawai yake ƙarawa.

Wa'adin shekara ɗaya daga ranar wasiƙar hukunci shi ne abin tsoro. In ya wuce, tsohuwar ranar ta tafi, sai dai ka tabbatar da kuskure ƙarara, abin da ba kasafai ake dacewa ba.

An mayar da ranar zuwa lokacin da na nemi ƙarin kashi. Watannin da suka gabata, tun daga ajiye tuƙi, yanzu nake bin su da sabuwar shaida, fom 21-4192 na bayanin aiki da tsohon maigidana na wurin aiki ya cike.