Ranar da na kai 'yan ajina makarantar masu Turanci a Abuja

Shekara tara kenan ina koyar da Turanci a wata sakandaren gwamnati nan Argungu amma ban taɓa jin kunyar aikina ba kamar wata safiyar Laraba a Abuja, bari dai in ɗauko zancen daga tushe.

Akwai wani abokina da muka yi kwalejin ilimi ta Adamu Augie tare, shi Allah ya yi masa hanya yana koyar da lissafi a ɗaya daga cikin makarantun nan na ƙasa da ƙasa, irin waɗanda 'ya'yan jakadu da 'ya'yan manya ke zuwa. Shi ya ce in kawo yarana su ga wuri, zai yi magana da hukumarsu. Na ɗauka wasa ne sai ga takardar gayyata. Daga nan wahala ta fara, firinsifal ya ce sai an rubuta wa ma'aikatar ilimi, ma'aikata ta ce sai kowane uba ya sa hannu, su kuma iyaye da ka ce Abuja a mota sai kowa ya tuna abin da ya faru a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a 2021 da aka kwashe ɗalibai, kuma ta Yaurin za mu bi. Wallahi ban ga laifin kowa ba. Yara 30 na zaɓa, 14 aka bari su tafi. Gida gida na bi, kuma abin da na gane shi ne takarda ba ta shawo kan uba, sai ka je ka zauna a zaure ka gaisa ka faɗi wa zai tuƙa, ina za a kwana, wace malama za ta kula da mata. Wata uwa ta leƙo daga bayan labule ta ce Malam ga amana nan na ba ka, in ka ci ta kai da Allah. Daren nan ban yi barci ba.

Mun tashi bayan sallar asuba, ni da malamar bayoloji da wani dattijo daga ƙungiyar iyaye. Birnin Kebbi, Kalgo, Jega, Koko, Yauri, Kontagora, Tegina, Zungeru, Minna, Suleja. A lissafina da la'asar muna Abuja, ashe lissafin dokin rano na yi, ramukan hanya da shingayen jami'an tsaro suka cinye ranar, sai bayan isha muka shiga. Kuma don Allah duk mai shirin irin wannan tafiya kada ya bar yara su sha fura kafin a tashi, tun kafin Koko mutum uku sun yi amai, da ba don malama ta taho da leda da lemun tsami ba da ban san yadda za mu ƙare ba. Dutsen Zuma da na yi ta cika musu baki cewa za su ga abin da ke bayan naira 100 ido da ido, cikin duhu muka wuce shi, sai a dawowa suka gani.

Da safe kowa ya goge yunifom muka nufi makarantar. A get aka duba sunayenmu ɗaya bayan ɗaya aka rataya wa kowa kati a wuya. Tun daga nan na ga yarana sun fara ƙanƙancewa, masu surutun da suka hana ni sakat a mota duk sun yi tsit suna tafiya a bayana kamar 'yan kaji.

Ba zan tsaya lissafa filin ƙwallo mai ciyawa da wurin ninƙaya da laburare mai sanyi ba, kuɗi ne, iyayen nan miliyoyi suke biya, abin da kuɗi ya saya ba ya ba ni mamaki. Abin da ya tsaya min a rai ajin ne. Yara ba su kai 20 ba, ni kuwa ajina sun haura 70. Tebura a zagaye, kowa na ganin fuskar kowa. Malama tana magana wani yaro ya ɗaga hannu ya ce shi bai yarda da abin da ta faɗa ba, na ce yau akwai bulala, sai kawai ta ce to faɗi dalilinka. Dattijon da muka zo da shi ya matso kunnena ya ce Malam wannan ba rashin kunya ba ne kuwa, na ce Baba mu dai zuba ido. Abokina ya yi mana bayanin tsarinsu, manhajar Cambridge ta Ingila suke bi, a shekara ta 11 suna zana jarabawar IGCSE wato wajen shekara 16 da haihuwa, kuma da yawa cikin 'yan Najeriyan suna haɗawa da WAEC da JAMB saboda ba kowa ne zai fita waje ba. Malaman ma gauraye ne, akwai Turawa akwai 'yan Indiya akwai 'yan Gana, amma mafi yawa 'yan ƙasarmu ne.

To sai aka zo gabatar da kai. Baturiyar da ke ajin ta yi murmushi ta tambayi yarinyar da na fi ji da ita sunanta da abin da take son zama. Yarinyar nan ita ke zuwa ta ɗaya, nahawu ba ka kama ta, wasiƙa in ta rubuta sai ka ce a littafi ta kwafa. Ta miƙe ta buɗe baki, shiru. Ta kalle ni ta kalli ƙasa ta fara murza bakin hijabi, ƙarshe sunan kawai ta faɗa shi ma ciki ciki. Na biyu haka, na uku haka. Wani ya raɗa min wai Malam wanga Turanci ba irin wanda kake koya muna ba ne. Gaskiyarsa, kunnensu bai saba ba, Turancin bakina kaɗai suka sani, ita kuma tana haɗiye rabin kalma. Amma na san ba shi ne duka ba don ko da malami ɗan Najeriya ya maimaita tambayar a hankali shirun bai tafi ba. Gumi ya jiƙa min riga alhali ga na'urar sanyi tana aiki.

Allah ya kawo mafita ta inda ban zata ba. An kai mu darasin labarin ƙasa suna kan koguna, malamin ya ji daga Argungu muke sai ya haska hoton bikin kamun kifi a bango ya ce wa zai gaya musu abin da ke faruwa a nan. Akwai wani yaro ɗan masunta da na sa a tafiyar don kawai an rasa mai cike gurbi, ɗan bencin baya ne, a jarabawata 30 da 'yan kai yake ci. Sai na ga hannunsa a sama. Gabana ya faɗi. Ya fita gaban allo ya nuna ruwan ya ce wannan Matan Fada ne, babansa na shiga shi ma ya taɓa shiga. Turancin duk a karye, jiya da gobe duk lokaci ɗaya, kifin ma da p yake fara kiransa, inda kalma ta ƙare masa sai ya sa hannu da jiki. Ya nuna yadda ake riƙe homa wato ragar kamun kifi, ya kwanta kan tebur ya nuna yadda ake hawa gora a yi iyo da ita kuma a cikinta ake zuba kifin, ya ce ba mai taɓa ruwa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, da an ba da alama kuma dubban mutane ke rugawa a lokaci guda. Wata yarinya ta tambaye shi girman kifin, ya ce giwan ruwa wani ya fi ta nauyi, ajin ya ɗauki ihu. Ba wanda ya yi masa dariyar Turanci ko ɗaya, ni ina ta jiran a yi. Malamin bai katse shi ba, yana gefe yana rubuta kalmomin da yaron ya nema ya rasa, sai da ya gama ya nuna masa su a allo ya sa ya maimaita. Ganin haka ita ma gwanar tawa ta samu baki ta miƙe ta ƙara da cewa bikin ya samo asali ne a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Tiryan tiryan ba gargada. Ashe Turancin na nan, tsoro ne ya danne shi.

Kuma tsoron nan ni na san inda aka shuka shi. A ajina monita na da littafin masu banakula, ka yi Hausa naira 50, ka yi Turanci ka yi kuskure aji ya fashe da dariya ni kuma in tsayar da kai tsakiyar jimla in gyara. Yaro mai hankali sai ya zaɓi shiru, shi ne babu tara babu dariya. Shekara tara ina horar da su kan yin shiru ina kiran abin koyar da Turanci.

Wajen cin abinci wata 'yar makarantar ta zo ta zauna da matanmu ta ce kakanta ɗan Gwandu ne, ta gwada gaishe su da Hausa abin ya ƙi, harshen ya karye mata kamar yadda nasu ya karye da safe. Suka yi ta koya mata munka zo munka gani tana maimaitawa suna gyara mata, har da musayar lambar iyaye.

Akwai abin da ban shirya masa ba kuma har yau yana damuna. A dawowa mun wuce Kontagora mota ta yi shiru, wani yaro da ke kusa da ni ya ce Malam yanzu mu da waɗanga JAMB guda za mu zana? Na ce eh. Ya ce a kwamfuta? Na ce eh. Bai sake magana ba har Jega. Yaron nan sau biyu ya taɓa taɓa kwamfuta a rayuwarsa. Na yi ta shirya su kan yadda za su gaisa da yadda za su riƙe cokali amma ban zaunar da su na gaya musu za ku ga abin da zai sosa muku rai ba, kuma ban tanadi amsa ba. In zan sake, da wannan zan fara tun kafin a shiga mota.

Da muka dawo na karɓe littafin monita na soke tarar a ajina, wasu abokan aiki sun ce na sangarta yara, firinsifal ya ce in gwada zango ɗaya a gani. Duk ranar Alhamis minti 15 na farko mutum biyu ke fitowa su yi magana da Turanci kan abin da suka fi ni sani, dashen shinkafa a fadama, gyaran babur, suyar ƙuli, ba mai katsewa, wanda ya yi dariya shi ne na gaba. Ina kuma kunna musu labaran rediyo na Turanci a wayata don kunne ya saba da bakin da ba nawa ba, duk da 'yan baya sun ce ba sa ji sai na sayi 'yar sifika.

Ɗan masuntan nan jarabawar da ta biyo baya 41 ya ci. Har yanzu p da f ba su shirya a bakinsa ba, kuma kusan kullum sai ya tare ni a bakin ofis ya tambaya ko malamin nan na Abuja zai zo biki, wai babansa ya ce in ya zo shi zai ɗauke shi a kwalekwale.